Bita ta mako biyu ba ta yin malamin ƙididdiga

Ranar kare kundin digirinta, ɗalibar ta iso babi na huɗu ba ta yi tuntuɓe ba. Ta bayyana abin da take bincike a kai, wato dalilan da ke sa yara barin makaranta kafin su gama sakandare, ta jero ra'ayoyin masana, ta faɗi yawan takardun tambayoyin da ta raba da waɗanda suka dawo hannunta. Sai aka zo kan jadawalin alƙaluma. Mai jarrabawar da aka gayyato daga wata jami'a, dattijo mai sanyin magana, ya ɗora yatsa a kan wata lamba da ke ƙarshen layi, 0.03, ya ce, "'Yata, wannan me take gaya miki?"

Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, tana nuna akwai alaƙa mai ƙarfi."

"Mai ƙarfi kamar yaya? In abin da magidanci yake samu ya ninka, yiwuwar yaronsa ya zauna a makaranta da nawa take ƙaruwa?"

Ta dubi takardar, ta dubi malamin da ya duba mata aikin, shi kuma ya dubi taga. Ina cikin ɗakin ranar. Bayan an tashi ta faɗa mini abin da kowa a wurin ya riga ya gane: takardun ta tattara ta miƙa wa wani da ya mai da abin sana'a, ya zuba su a kwamfuta, ya dawo mata da jadawalai da 'yan layukan da za ta karanta a ƙarƙashin kowane. Ta haddace su tsaf. Tambayar da ba ta cikin haddar ce ta kayar da ita.

Lambar nan, 0.03, ba ta cewa komai game da ƙarfin alaƙa. Abin da take cewa shi ne: da a ce babu wata alaƙa ko kaɗan tsakanin abubuwan biyu, sakamako irin wannan, ko wanda ya fi shi, sau 3 cikin 100 ne kawai zai fito ta hanyar dace. Bayanin minti goma ne a gaban allo. A shekaru huɗu na digirin farko da biyu na digiri na biyu, babu wanda ya tsaya ya yi mata shi.

Don haka in muka ce laifin ɗalibar ne, mun bar jaki muna dukan taiki. A sassan nazarin halayyar jama'a da kimiyyar siyasa da ilimi da aikin jarida na jami'o'i da yawa a duniya, kwas ɗaya tak ake yi na ƙididdiga, galibi a aji biyu, kuma sau da yawa aro ake yi na malami daga sashen lissafi. Shi kuma ya zo da misalan da ya saba: a jefa kwabo sau goma, a ciro ƙwallo ja daga jaka, a lissafa tsawon rayuwar ƙwan lantarki. Yaron da ya shigo jami'a don ya fahimci talauci ko zaɓe ko mutuwar aure, wanda wataƙila ma gudun lissafi ne ya kawo shi wannan sashe, sai ya ga babu abin da ya haɗa wannan ajin da karatunsa. Ya haddace dabarun, ya ci jarrabawa da ƙyar, ya yi hamdala. Bai taɓa buɗe bayanan mutane na gaske a kwamfuta ba, masu gurabun da aka bari ba amsa, da shekarun haihuwa da aka rubuta 150 bisa kuskure, da tambayar da rabin mutane suka fahimta daban. Malaman sashensa kuwa, yawancinsu haka aka koya musu, don haka a sauran kwasa-kwasan ba a sake waiwayar lamba sai ranar rubuta kundi.

Wani zai ce to mene ne a ciki, ai ba injiniyoyi ake yayewa ba. A duba inda waɗannan ɗalibai suke ƙarewa. Su ne jami'an tsare-tsare a ma'aikatu, su ne masu rubuta rahoton ƙungiyoyin agaji, su ne 'yan jaridar da za su karanta wa jama'a cewa rashin aikin yi ya sauka ko hauhawar farashi ta ƙaru, su ne masu ba 'yan majalisa shawara. Kullum lamba ce take zuwa teburinsu, kuma lambar nan mutane ne suka ƙera ta, da zaɓinsu da kurakuransu. A 2010 Ghana ta sake lissafin girman tattalin arzikinta, ta sauya shekarar da ake awo da ita daga 1993 zuwa 2006, sai ga shi ya ƙaru da sama da kashi 60 cikin ɗari a dare ɗaya. A 2014 Nijeriya ta yi irin wannan, ta matsa daga 1990 zuwa 2010, lissafin ya kusa ninkawa ya kai wajen dala biliyan 510, ta wuce Afirka ta Kudu. Babu wanda ya wayi gari da ƙarin ko sisi a aljihu, ma'aunin ne aka gyara. Amma duk wani rahoto da aka rubuta kafin ranar, mai cewa bashin ƙasa ko kuɗin da ake kashe wa ilimi kashi kaza ne na tattalin arziki, ya tashi daga aiki. Wanda bai san yadda ake haɗa lambar ba, ko dai ya gaskata ta ido rufe, ko ya ƙaryata ta gaba ɗaya, kuma duka biyun rashin sani ne.

Ɗauki ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a. Duk lokacin da aka fitar da sakamako za ka ji ana cewa, mutum dubu ɗaya da 'yan kai za su yi magana da yawun miliyoyi? Ni dai ba a tambaye ni ba. Ƙungiyar Afrobarometer, wadda ta fara aiki a 1999 da ƙasashe 12, yanzu kuma take zagaya sama da 30, mutum 1,200 ko 2,400 take tambaya a kowace ƙasa. Da mutum 1,200, in an zaɓo su yadda kowa yake da damar faɗowa ciki kamar kowa, kuskuren da ake tsammani bai wuce maki 3 sama ko ƙasa ba. Likita ma ba ya zuƙe jinin mutum duka kafin ya gane cutarsa. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda aka zaɓo mutanen. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardu wajen miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta yi shelar cewa Alf Landon zai kayar da Shugaba Roosevelt. Roosevelt ya cinye jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta ɗebo sunaye ne daga littattafan lambobin tarho da rajistar motoci da masu sayenta, a lokacin da talaka ba shi da tarho balle mota, sannan waɗanda suka damu suka maido da amsa ba irin waɗanda suka yi shiru ba ne. George Gallup, wani mai gudanar da ƙuri'ar jin ra'ayi, da mutanen da ba su kai ko kusa da wannan yawa ba, ya faɗi wanda zai ci daidai. Ɗalibin da aka ba wannan labarin a aji, aka sa shi ya gwada da hannunsa, ba zai sake tsayawa a ƙofar ɗakin karatu ya raba takardu ga duk wanda ya gifta, sannan ya rubuta cewa ya ji ra'ayin "matasa" ba.

Labarin da na fi so in ba masu cewa wannan ilimi na manya ne shi ne na Thomas Herndon. A 2010 wasu fitattun masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka fitar da maƙala mai cewa idan bashin gwamnati ya haura kashi 90 cikin ɗari na tattalin arzikin ƙasa, bunƙasa tana durƙushewa, har matsakaicinta ya koma ƙasa da sifili, wato kashi -0.1 cikin ɗari. 'Yan siyasar Turai da Amurka masu son a tsuke bakin aljihu suka riƙe wannan lamba kamar aya. Herndon ɗalibi ne a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, aka ba ajinsu aikin gida: kowa ya zaɓi maƙalar da aka riga aka buga, ya sake lissafinta daga tushe. Ya yi, bai samu lambarsu ba. Ya sake, bai samu ba. Malamansa ma da farko sun ɗauka shi ne ya yi kuskure. Daga ƙarshe ya rubuta wa marubutan, su kuma, a yaba musu, suka turo masa ainihin shafin Excel da suka yi aiki da shi. A nan ya ga cewa wajen ɗaukar matsakaici an tsallake layuka biyar, an bar Ostareliya da Ostiriya da Beljiyam da Kanada da Denmak a waje, ban da wasu shekarun da ba a saka ba da wata hanyar auna ƙasashe da ke da abin dubawa. Da shi da malamansa biyu, Michael Ash da Robert Pollin, suka gyara a 2013, sai -0.1 ta koma 2.2. Marubutan sun amsa kuskuren shafin, sun kuma ci gaba da cewa yawan bashi yana tafiya da raguwar bunƙasa, muhawarar da ba ta ƙare ba. Amma ramin da aka ce ana faɗawa a kashi 90, an neme shi an rasa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Herndon bai ƙirƙiro wata sabuwar dabara ba. Ajin da ya shiga ne ya bambanta: ajin da ake ba ɗalibi bayanai na gaske, a ce masa duba da kanka, da malamin da ya iya bin sawun lissafi layi-layi. Irin wannan malami shi ne abin da ke wuyar samu, kuma a nan ne maganar haɗin gwiwa tsakanin jami'o'i take shigowa.

Sashe guda mai malamai goma sha biyar ba zai iya ɗaukar ƙwararre a kan tsara safiyo, wato binciken da ake yi wa mutane tambayoyi, da wani a kan bayanan da ake bibiya shekara da shekaru, da wani a kan gano sanadi da sakamako ba. Ko ya ɗauka, banki ko kamfanin sadarwa ko wata hukumar duniya za ta ɗauke shi da albashin da jami'a ba za ta iya biya ba. Amurkawa sun gane haka tun 1962, lokacin da Warren Miller ya jagoranci kafa wata gamayya ta jami'o'i sama da 20, wadda ake kira ICPSR a yau, a Jami'ar Michigan. Tunanin mai sauƙi ne: kowa ya kawo bayanan bincikensa a ajiye a rumbu ɗaya, kowa ya ɗiba. Shekara guda bayan haka suka fara makarantar hutun bazara ta koyon hanyoyin ƙididdiga, wadda har yau ake yi, kuma gamayyar ta kai ɗaruruwan jami'o'i da cibiyoyi. Jami'ar Essex a Ingila ta bi sahu da tata makarantar a ƙarshen shekarun 1960.

Sai dai Birtaniya ta gano cewa makarantar hutu, duk amfaninta, waɗanda suka riga suka kamu da son abin ne suke zuwa, kuma sun girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A 2013 Gidauniyar Nuffield da hukumar tallafa wa binciken tattalin arziki da zamantakewa ta ƙasar, ESRC, da hukumar ba jami'o'in Ingila kuɗi ta lokacin, HEFCE, suka haɗa fam miliyan 19.5 suka buɗe shirin Q-Step a jami'o'i 15, cikinsu da Manchester da Edinburgh da Cardiff da Oxford. Abin da ya burge ni a shirin shi ne inda kuɗin ya tafi. An ɗauki sababbin malamai a cikin sassan da kansu, an sake fasalin kwasa-kwasan digirin farko yadda ɗalibin siyasa zai koyi ƙididdiga da sakamakon zaɓe, na halayyar jama'a kuma da alƙaluman laifuka ko na ƙaura, sannan aka riƙa tura ɗalibai su yi 'yan makonni suna aiki da bayanai a ma'aikatu da ƙungiyoyi da kamfanonin safiyo. Ƙasar da ta haifi Ronald Fisher da Karl Pearson, iyayen ƙididdigar zamani, ita ce ta amsa cewa masu digirinta na kimiyyar zamantakewa ba su iya karanta jadawali yadda ya kamata ba. Duk wanda yake jin kunyar faɗin haka game da tasa jami'ar sai ya saki jiki.

A Afirka ma akwai misalai da suka kama hanya. Gamayyar binciken tattalin arziki ta AERC, da aka kafa a Nairobi a 1988, ta ɓullo da digiri na biyu na haɗaka a farkon shekarun 1990: ɗalibi ya yi manyan kwasa-kwasai a jami'arsa, sannan a tara ɗaliban jami'o'i da dama wuri ɗaya na 'yan watanni don darussan da babu jami'ar da ke da isassun malamansu ita kaɗai. Digirin kuma na jami'arsa ne, ba na wata baƙuwa ba. Shirin CARTA, da aka fara a 2008 ƙarƙashin cibiyar binciken yawan jama'a da lafiya ta APHRC da ke Nairobi da Jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu, da jami'o'i irin su Ibadan da Makerere da Malawi a ciki, ya ɗauki wata hanya da na ga ta fi kowace hikima: ƙananan malaman da suka riga suke koyarwa a waɗannan jami'o'i su yake ɗauka, su yi digiri na uku a kan lafiyar al'umma da yawan jama'a a cikin nahiyar, a riƙa tara su lokaci-lokaci ana horar da su a kan hanyoyin bincike. Wanda aka horar yana da aji da ke jiransa.

To amma ba irin waɗannan ne suka fi yawa ba. Abin da aka fi gani da sunan haɗin gwiwa shi ne: shugabannin jami'o'i biyu su sa hannu a takarda, a yi musabaha, a ɗauki hoto. Bayan wata shida baƙi biyu su sauka, a yi bita ta mako biyu a ɗakin taro mai sanyi. Waɗanda aka gayyata rabinsu shugabannin sassa ne da suka daina shiga aji, sun zo saboda alawus da takardar shaida. Ranar farko a gama ta wajen saka manhaja a kwamfutoci. Zuwa rana ta takwas an kai ga dabarun da a jami'ar baƙin sai an yi zangon karatu biyu kafin a taɓa su. A raba takardun shaida, a rubuta wa mai ba da tallafi cewa an horar da mutum arba'in. Na halarci irin wannan, na kuma karɓi takardata, tana nan cikin fayil. Wata uku bayan haka na buɗe manhajar, na rasa ta inda zan fara, babu kuma wanda zan ƙwanƙwasa wa ƙofa in tambaya. Ƙididdiga sana'ar hannu ce. Mutum yana koyonta ne ta hanyar maimaitawa da kuskure, da samun wani kusa wanda zai leƙo ya ce, a'a, ka manta ka cire waɗanda suka amsa "ban sani ba", shi ya sa matsakaicin ya haukace.

Akwai kuma ɗakin kwamfutoci da ake buɗewa da yanka kyalle, an saka musu manhajar ƙididdiga ta SPSS ko Stata da lasisin shekara uku, daidai tsawon tallafin. Lasisi ya ƙare, ɗaki ya koma wurin ajiye kujeru. Alhali manhajar R, wadda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka fara a Jami'ar Auckland ta New Zealand a farkon shekarun 1990, kyauta ce, tana kuma yin duk abin da waɗancan suke yi. Ta fi wuyar koyo a makonnin farko, gaskiya ne, shi ya sa mai bitar mako biyu yake gudunta. Bayanai ma ga su nan birjik ba ko kwabo: na Afrobarometer, na ƙidayar ƙasashe da dama da Jami'ar Minnesota take tarawa a rumbun IPUMS, na Bankin Duniya. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Mafi ciwo shi ne haɗin gwiwar da aka raba aiki tun daga farko: ɓangare ɗaya ya tsara tambayoyi, ya riƙe kuɗi, ya sarrafa alƙaluma, ya rubuta maƙala. Ɗaya ɓangaren kuma ya samo izini, ya fassara tambayoyi, ya tura ɗalibansa gida-gida cikin rana da ruwa. Bayanai su tashi zuwa wata ƙasa, sunan abokin tarayya ya fito a layin godiya, ko can tsakiyar jerin marubuta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ɗaliban sun koyi cika takarda a waya, ba su koyi abin da ake yi da ita bayan an cika ba, kuma shekara goma ana wannan tarayya sashen bai samu mutum ɗaya da zai iya sake lissafin maƙalar da aka rubuta da guminsa ba. Ba na ɗora laifin duka a kan baƙi. Sau da yawa masu masaukin ne ba su nemi komai ba sai alawus da tikitin jirgi.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce, domin sun sha faɗa mini. Za su ce mutum ba lamba ba ne, kunya da tsoro da mutunci ba sa shiga jadawali, kuma wannan turawa da ake yi zuwa ga ƙididdiga dabara ce ta mai da kimiyyar zamantakewa 'yar aiken masu ba da tallafi, waɗanda ba sa ganin komai sai abin da za a ƙirga. Akwai gaskiya a ciki. Safiyo zai iya gaya maka cewa kashi kaza na iyaye sun ce "rashin kuɗi" ne ya sa suka cire yaro daga makaranta, amma sai wanda ya zauna da su wata da watanni ne zai gane cewa wannan ita ce amsar da ba ta jawo wata tambayar. Wanda bai taɓa zama ya saurari mutane ba, tambayoyin da zai rubuta ma ba za su yi kyau ba. Kuma masu lamba su ma sun sha kunya. A 2015 wani ayarin masu bincike kimanin 270, ƙarƙashin Brian Nosek na Jami'ar Virginia, suka sake gwada bincike 100 da aka buga a manyan mujallun nazarin halayyar ɗan Adam. A asali 97 daga ciki sun ce sun sami sakamako tabbatacce, da aka maimaita kuwa, kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka sake fitowa haka. Waɗannan ƙwararru ne a manyan jami'o'i, sun iya manhaja sarai. Abin da ya ci su shi ne bautar lambar nan ta 0.05, iyakar da in lamba irin 0.03 ɗin ɗalibar can ta faɗo ƙasa da ita ake cewa sakamako ya tabbata: a yi ta juya alƙaluma, a cire wannan a saka wancan, har sai lambar bincikensu ta faɗo ƙasa da ita, domin mujalla ba ta son buga binciken da bai gano komai ba. Abin ya kai har ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa a 2016 tana jan kunne a kan yadda ake fassara wannan lamba.

Sai dai ni wannan hujja a wajena take tsayawa. Wa ya bankaɗo ɓarnar? Waɗanda suka iya lissafin ne. Mai sukar lamba da bai iya karanta ta ba, iyakarsa ya ce bai yarda ba, a yi masa murmushi a ci gaba da zartar da manufa. Wanda ya iya, shi ne zai ce ku dubi shafi na goma sha biyu, an tambayi masu waya ne kawai. Kuma darasin 2015 gargaɗi ne ga masu shirya horo: in abin da za a koyar shi ne danna maɓalli da neman tauraron da ake sawa a gefen lamba in ta faɗo ƙasa da 0.05, to an ƙara yawan masu sana'ar da suka yi wa ɗalibar can jadawali, an dai ba su takardar shaida.

Saura maganar kuɗi, wadda ba a son tayarwa a wurin sa hannu. Tallafi yana da ranar ƙarewa. Shirin DHS, mai safiyon lafiya da yawan jama'a, tun 1984 yake aiki a ƙasashe sama da 90, dubban kundayen digiri a kansa suka dogara, amma a farkon 2025 ya tsaya cak lokacin da gwamnatin Amurka ta datse kuɗin hukumarta ta agajin ƙasashen waje, USAID, mai ɗaukar nauyin shirin. In abu mai wannan girma zai iya girgiza da sa hannun mutum ɗaya, ina ga yarjejeniyar sassa biyu? Shi ya sa in aka kawo mini takardar haɗin gwiwa, ba na fara duba yawan kuɗin. Ina neman layin da ya ce kwas kaza ya shiga manhajar karatu ta dindindin da amincewar majalisar jami'a, da sunan muƙamin malamin da zai koyar da shi, da wanda zai biya albashinsa a shekara ta shida. Ina neman inda aka ce baƙo da ɗan gida za su shiga aji tare zango guda cur, a shekara ta biyu baƙon ya koma kujerar baya, a ta uku ya zauna a gida a riƙa kiransa ta intanet in an maƙale. Ina neman inda aka ce kwafin bayanai zai zauna a ɓangarorin biyu, kuma ɗaliban da suka tattaro su suna da damar rubuta kundinsu da su. Abokin tarayyar ma ba dole sai daga ƙetaren teku ba. Sashen tattalin arziki ko na lafiyar al'umma da ke bene na sama, ko hukumar ƙididdiga ta ƙasa mai tarin bayanan da babu mai taɓawa, sau da yawa sun fi kusa, sun kuma fi daɗewa.

Akwai gwaji ɗaya da ba ya cin ko sisi, na taɓa kawo shi a taron sashe. Na ce ranar kare kundi, ɗalibi ya zo da bayanansa a kwamfuta, masu jarrabawa su zaɓi jadawali ɗaya, ya sake fitar da shi a gabansu, ya faɗi abin da yake nufi da bakinsa. Na ce cikin shekara guda sana'ar masu yi wa ɗalibai lissafi za ta mutu. Aka gyaɗa kai, aka ce shawara ce mai kyau. Sai wani dattijon farfesa da ba ya ɓoye-ɓoye ya gyara tabarau ya ce, "Malam, ka yi gaskiya. Amma in yaron ya fitar da jadawalin, a cikinmu nan wa zai duba ya ce daidai ne?" Aka yi dariya, aka wuce zuwa batu na gaba a ajanda, wato rabon ofisoshi.